Ɗan Dutse Ma Yana Da Rabo A Kwale-Kwale

Mu Hausawan Mokolo mun san ruwa da fuska biyu kawai. Da rani muna nemansa, mata da yara suna tonon rairayi a cikin mayo. Da damina kuma muna gudunsa, domin yakan gangaro daga duwatsun Mandara ba sallama. Shi ya sa idan aka ce wani ya biya kuɗi ya shiga kwale-kwale a Garwa don shan iska, sai mu ce aikin Nasara ne, ko na wanda kuɗi suka yi wa yawa. Ina ganin lokaci ya yi da za mu sake duba wannan magana.

Ruwan nan ai ba baƙonmu ba ne. Mayo Luti daga duwatsunmu yake tasowa, ya ratsa kwazazzabon Kola kusa da Gidar, ya faɗa Mayo Kebbi, shi kuma ya miƙa wa Binuwai kafin a iso Garwa. Binuwai kuwa daga maɓuɓɓugan tudun Adamawa take fitowa, arewa da Ngaundere, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ta haɗu da Kwara a Lakwaja. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ruwa ba ya yankewa a ƙarƙashin gadar Garwa. Wanda ya shiga jirgi a can da damina, a kan ruwan da ya sauka bisa rufin ɗakinsa yake yawo.

Sana'ar ma tamu ce. Sarkin Ruwa tsohuwar sarauta ce a ƙasar Hausa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, tseren kwale-kwale da nutso suna cikin abubuwan da jama'a ke zuwa kallo, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon duniya a 2016. A tafkin Lagdo ma akwai masunta Hausawa tare da Musgum da Kotoko. Fatauci ne ya hau da kakanninmu dutse, sai muka bar filafili a baya.

Mai tsoro yana da hujja. Akwai dorina a Binuwai, akwai tsargiya a ruwan da ya kwanta, kuma babu wanda bai taɓa jin labarin jirgin da ya kife saboda lodi ya yi yawa ba. Amma yaron da aka hana zuwa bakin ruwa, ruwa zai same shi wata rana: a mayo da ya cika yana dawowa daga makaranta, ko a wurin fito idan ya girma ya fara bin kasuwanni. A ranar nan, abin da zai cece shi bayan ikon Allah shi ne ya iya iyo, ya san yadda ake zama a jirgi ba tare da miƙewa ba, ya kuma iya cewa a'a idan ya ga an cika kaya fiye da kima. Ba a koyon waɗannan a tsakar gida.

Saboda haka ina kira ga iyaye da malaman makarantunmu. Idan an tashi kai yara ziyara, kada a tsaya ga duwatsun Rumsiki kaɗai. A kai su Garwa ko Lagdo da sanyin hunturu, lokacin da ruwa ya natsu. A nemi matuƙi dattijo wanda ya san inda dorina take kwana, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki mai wulaƙanci ba. A sa wa kowane yaro rigar ruwa, a ƙi shiga idan babu. 'Yan mata ma a tafi da su, domin ambaliya ba ta tambayar jinsi.

Ribar ba ta tsaya ga yaran ba. Jiragen da suke hawowa daga Najeriya da damina su kwashi auduga da gyaɗa a tashar Garwa sun daina zuwa, masu fito sun rage da ɗan abin da suke samu. Kuɗin yawonmu zai taimaka wa matuƙi ya koya wa ɗansa sana'ar maimakon ya tura shi acaɓa.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa.