Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Lesin Masu Shirya Ɗalibai Don JAMB da WAEC da NECO

Zuwa ga malaman lesin, maza da mata.

Lesin shi ne karatun da ɗalibi yake yi bayan an tashi daga makaranta, a hannun malamin da iyaye suke biya daga aljihunsu. A garuruwan Arewa akwai malamin da ake ɗauka ya riƙa zuwa gida, akwai mai karɓar aron aji a makarantar firamare da yamma, akwai kuma manyan cibiyoyi da suke cika maƙil da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB. Yawancin masu zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne, sai waɗanda suka gama suka zauna a gida shekara ɗaya ko biyu suna neman cike kiredit ko ƙara maki. Dukkansu jarrabawa ce ta kawo su, don haka wajibi ne malamin lesin ya san jarrabawar nan ciki da waje kafin ya ɗauki alli.

Jarrabawar kammala sakandare tana hannun WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO mai hedikwata a Minna, wadda aka kafa a 1999. Akwai kuma NABTEB ta ɓangaren sana'a da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Sakamako yana tafiya daga A1 zuwa F9, kiredit yana tsayawa a C6, kuma jami'o'i suna neman kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Ita kuwa JAMB, da aka kafa a 1978, ita take shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Darussa huɗu ake amsawa: Turanci mai tambaya 60, sai wasu uku masu tambaya 40 kowanne. Jimilla tambaya 180 ke nan cikin awa biyu, a kan maki 400. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba. Wannan adadi ya isa ya nuna cewa ba a ajin ƙarshe matsalar take farawa ba.

Saboda haka aikin farko na malamin lesin shi ne bincike, koyarwa tana biyo baya. Makaranta tana bin manhaja ne bisa jadawali, ko an gane ko ba a gane ba, domin malami ɗaya ba zai iya tsayawa kan kowane yaro a cunkusasshen aji ba. Abin da iyaye suke biyan kuɗi dominsa shi ne a sami wanda zai tsaya. Malamin da ya buɗe littafi daga babin da makaranta take kai ya ci gaba, ya maimaita wa ɗalibi abin da ya riga ya gagare shi ne kawai. A makon farko ya kamata a ba kowane sabon ɗalibi ɗan gajeren gwaji da ya gangara har zuwa karatun ƙaramar sakandare, malami kuma ya zauna kusa da shi ya ga yadda yake aikin, kada ya tsaya ga duba amsar ƙarshe. A nan ake ganin abin mamaki. Ɗalibar da take son karatun likita za a ba ta 1/2 a tara da 1/3, ta rubuta 2/5, domin ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wani za a ce ya cire 5 daga -3, ya rubuta 2. Mai wannan rauni ba zai taɓa jin daɗin aljabara ba, kuma lissafin da ke cikin Kemistiri da Fiziks zai yi ta kayar da shi, ana cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali ramin da aka tsallake tun yana ɗan shekara goma sha biyu ne yake faɗawa ciki kullum. Mako biyu da aka kashe wajen cike wannan rami sun fi wata biyu na gaggawar gama manhaja amfani. Malami ya faɗa wa iyaye haka ƙarara tun farko, don kada su ga an koma baya su ɗauka ana ɓata musu kuɗi.

Rami na biyu, wanda ya fi na farko zurfi ga ɗaliban da Hausa ce harshensu na gida da na kasuwa, shi ne Turancin da ake rubuta tambaya da shi. Sau da yawa yaro ya san amsa, tambayar ce bai fahimta ba. A Fiziks za a ce mota ta tashi daga tsaye, ana nufin gudunta na farko sifili ne, shi kuwa ya tsaya yana neman lambar da ba a ba shi ba. A tambayoyin zaɓi, 'yar ƙaramar kalmar korewa ko ta togaciya takan juya ma'ana gaba ɗaya, mai sauri ya tsallake ta ya zaɓi kishiyar abin da ake nema. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: a sa ɗalibi ya karanta tambaya da ƙarfi, sannan ya faɗi da Hausa abin da ake so ya yi. In ya kasa, to, ba darasin ne matsalarsa ba tukuna. Babu laifi malami ya yi bayani da Hausa har abu ya zauna, hasali ma hakan ya fi, amma kada a tashi daga darasin sai an mayar da shi cikin Turancin da zai zo a takarda, ɗalibi ya faɗa da bakinsa ya kuma rubuta da hannunsa. Wannan nauyi yana kan malamin Bayoloji da na Gwamnati kamar yadda yake kan malamin Turanci.

Littafin da JAMB take sa wa a karanta don darasin Turanci yana da amfani a nan. An yi shekaru ana karanta The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Al'adar da ta yaɗu ita ce a raba wa ɗalibai taƙaitaccen bayanin littafin a shafi biyu su haddace. Wannan asara ce, domin ga yara da yawa shi ne littafin labari na Turanci na farko da za su karanta daga bango zuwa bango, kuma saurin karatun da za su samu daga gare shi zai yi musu aiki a sauran darussa ukun.

Tambayoyin shekarun baya su ne jarin kowane malamin lesin, kuma a kansu aka fi yin kuskure. Amfaninsu shi ne su nuna salon mai tambaya, da batutuwan da yake yawan komawa kansu, da inda ɗalibi yake da rauni. Idan aka mayar da su abin hadda, a ce lamba ta 14 amsarta C ce, an kashe amfaninsu, domin ranar jarrabawa za a sauya lambobi ko a juya tambayar. Bayan haka, littattafan tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa ba sa rasa amsoshin da ba daidai ba, don haka malami ya warware kowace tambaya da kansa kafin ya shiga aji. Wurin da karatu yake shi ne bayan an gama maki. A ɗauki duk tambayar da ɗalibi ya faɗi, a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa, a rarrabe ko rashin sani ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko gaggawa, domin kowanne maganinsa daban. Ɗalibi ya keɓe littafi guda na rubuta kurakuransa, a kuma dawo masa da irin tambayar bayan mako ɗaya, a sake bayan wata ɗaya. Abin da mutum ya wahala ya tuno da kansa ya fi zama a kai fiye da abin da aka karanta masa sau goma yana gyaɗa kai.

Shirin WAEC da NECO ya bambanta da na JAMB, kuma haɗa su a tukunya ɗaya yana cutar da duka biyun. A takardar rubutu ta Lissafi ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ban da na amsar ƙarshe, saboda haka wanda ya saba da gajerun dabarun JAMB ya rubuta amsa tsurarta zai zubar da maki ko da ya dace. A insha'in Turanci na WAEC ana neman kalmomi kusan 450, ana duba ƙunshiya da tsari da iya sarrafa harshe da tsabtar rubutu, kuma kurakuran nahawu da na ƙa'idar rubutu suna cin maki ɗaya bayan ɗaya. Ba a koyon wannan da sauraro. Sai ɗalibi ya rubuta insha'i duk mako, malami ya bi shi da jan biro layi-layi, ya mayar masa ya sake. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa cibiyoyin da suka tara ɗalibai fiye da ƙima suke gudunsa. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu maki a kan kowane darasi, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma malamin da bai taɓa karanta na darasinsa ba yana da sauran aiki.

A JAMB kuwa lokaci ne abokin gaba. Minti 120 a raba wa tambaya 180, kowace ta tashi da daƙiƙa 40. Dole ɗalibi ya saba da wuce tambayar da ta tsaya masa ya dawo mata daga baya, kada kuma ya bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki don an yi kuskure. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ɓata mintunan farko yana kokawa da linzaminta, hannu na rawa. Ya kamata a nuna masa tun da wuri cewa da madannai kaɗai zai iya gamawa: A zuwa D don zaɓen amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ya taɓa kalkuletar da ke kan allon, ya yi cikakken gwaji na awa biyu da agogo a gabansa sau da yawa. Malamin da ba shi da kwamfutoci ya shirya da wata cibiya ya kai ɗalibansa, ya kuma ƙarfafa musu su zauna jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa. WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, don haka wannan horo ya wuce JAMB kaɗai. A tuna wa 'yan mata su dakata da ƙunshi a yatsu kafin rajista da kafin ranar jarrabawa, domin lalle yana hana na'ura ɗaukar zanen yatsa, kuma JAMB ta sha yin gargaɗi a kan haka.

Akwai asarar da take faruwa tun a wurin cike fom. Kowane kwas yana da darussan da ake nema: likitanci yana son Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, injiniyanci yana son Lissafi a madadin Bayoloji, masu neman karatun lauya kuma galibi ana neman Adabin Turanci a cikin nasu. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba zai iya cin maki mai yawa ya rasa gurbi. Suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a lambar NIN da takardun makaranta. Haka kuma a fahimtar da iyaye cewa mafi ƙarancin makin da ake sanarwa, kamar 150 na jami'o'i a 2025, ƙofar gida ce kawai. Likitanci ko lauya a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello yana neman abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, ga kuma tantancewar da jami'a take yi da kanta. Idan gwaje-gwajen ɗalibi sun nuna ba zai kai ba, gaskiya ita ce a faɗa masa tun fom bai rufe ba, a nuna masa kwasa-kwasan da ke kusa da burinsa, da hanyar share fagen shiga jami'a ta IJMB, da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha.

Maganar satar amsa ba ta buƙatar dogon bayani. Malamin da yake karɓar kuɗin ekspo, ko yake tura ɗalibansa cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo, ya bar sana'ar koyarwa ya shiga wata. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, hukumomi suna riƙe sakamako ko su soke shi, kuma wanda ya tsira da A1 ɗin da ba nasa ba, zai haɗu da shi a ajin farko na jami'a, inda babu mai rubuta masa. Masu sayar da amsoshi a WhatsApp da masu cewa za su ƙara maki bayan sakamako ya fito 'yan damfara ne, kuma daga bakin malaminsu ya kamata ɗalibai su fara jin haka.

Saura amana tsakanin malami da iyaye. A yanke kuɗi da ranaku da awoyi tun farko, a rubuta. Kada malami ya yi alkawarin maki, domin ba ya hannunsa. Abin da zai iya alkawari shi ne zuwa a kan lokaci, da duba aikin gida, da sanar da iyaye halin da ɗansu yake ciki duk wata. Malamin makaranta da yake rage koyarwa da safe don yara su biyo shi lesin da yamma yana cin haƙƙin waɗanda iyayensu ba su da hali. Mai koyarwa a gida ya zauna a zaure ko falo inda mutanen gida suke gani, musamman idan ɗalibar budurwa ce, ajin yamma kuma a tashi da sauran rana don 'yan mata su isa gida kafin magariba. A yi la'akari da lokacin Islamiyya, da zafin bazara da shirin JAMB yake faɗawa ciki, da azumi idan ya zo a tsakiya. Yaron da ya wuni a makaranta ya zarce lesin har dare ba ya ƙara komai sai gajiya.

Kiran da ake yi wa kowane malamin lesin shi ne kada ya karɓi ɗalibai fiye da waɗanda zai iya duba rubutunsu ɗaya bayan ɗaya a cikin mako. Idan aji ya wuce haka, ya raba shi biyu ko ya ɗauki mataimaki kafin a buɗe rajista.