Hayar Lambobin Intanet: Mallaka Ce Ko Amana?

Ya ku malamai da fatake, maganarmu ta yau a kan wata haja ce wadda ba a auna ta da mudu, ba a kuma ɗora ta bisa jaki, amma rigimarta ta kusa rushe hukuma guda ta ƙasashen Afirka duka. Hajar ita ce lambobin adireshi na intanet. Rigimar kuwa, shin wanda aka ba lambobin nan yana da ikon ba da su haya, ko ba shi da shi?

Ga asalin al'amarin. Duk saƙon da zai bi ta intanet tilas ya ɗauki lambar inda ya fito da ta inda za shi, kamar yadda wasiƙa ba ta isa sai da adireshi. Tsohon tsarin lambobin, mai suna IPv4, an kafa shi a 1981, kuma iyakar abin da ya ke ɗauka lamba miliyan 4,294 ne da 'yan kai. A watan Fabrairu na 2011 babban rumbun duniya ya ƙare, aka raba ragowar ga hukumomin rajista guda 5 na sassan duniya. Tamu ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, kuma daga gare ta kamfanonin sadarwa na Nijeriya da Nijar su ke karɓar nasu.

Da abu ya yi wuya sai ya yi kuɗi. A 2011 ɗin nan Microsoft ya sayi lamba 666,624 daga Nortel, kamfanin da ya karye, a kan dala miliyan 7 da rabi. Kafin ƙarshen 2021 kuwa lamba guda ta haura dala 50. To, wanda bai iya saye ba sai ya nemi haya wata wata, dillalai kuma suka shiga tsakani suna cin la'ada.

Hukumomin ba su zama baki ɗaya ba a kan hayar. Ta Turai, watau RIPE, ta yarda a miƙa wa wani lambobi zuwa wani ajali, a rubuta a littafinta, in ajalin ya cika su koma ga mai su. Ta Amurka ta Arewa, ARIN, ba ta hana haya ba, amma ta ce lambobin da ka ba da haya kurum, ba tare da kai ne ka haɗa wa mutumin layi ba, ba za su zama maka hujjar neman ƙari ba. A ta Asiya, APNIC, an kawo shawara a 2022 a rubuta hani ƙarara, jama'ar taron ba su daidaita a kanta ba. Littafin ƙa'idodin AFRINIC kuwa bai yi wa haya babi ba, bai halatta ta da suna ba, bai kuma hana ta da suna ba.

Daga wannan shirun fitina ta fito. Tsakanin 2013 da 2016 AFRINIC ta ba wani kamfani mai rajista a tsibiran Seshels, Cloud Innovation, lamba wajen miliyan 6 da dubu 200. Bisa farashin 2021 wannan dukiya ce ta fiye da dala miliyan 300. Kamfanin ya riƙa ba da su haya, masu hayar da yawa kuma ba a Afirka su ke ba. A 2020 hukumar ta rubuta masa cewa abin da ya ke yi ya saɓa wa bukatar da ya faɗa sa'ad da ya ke nema, a 2021 kuma ta yi niyyar karɓe lambobin. Shi kuwa ya ce babu ƙa'idar da ya karya, gama sharaɗin amfani a cikin Afirka an rubuta shi ne a kan ragowar lambobin ƙarshe, ba a kan nasa ba.

Aka tafi gaban alƙalan Morishus. A Yuli 2021 kotu ta ɗaure kuɗin AFRINIC na banki, ba a sake su ba sai Oktoba. Ƙara ta bi ƙara, har a 2022 hukumar ta rasa cikakkiyar majalisa, ta rasa shugaba. A Satumba 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya. An yi zaɓe a Yuni 2025 aka soke shi, sai a Satumba na shekarar aka sami sabuwar majalisa. Cikin shekarun nan aikin raba sababbin lambobi ya yi tsaiko, wanda ya fi shan wuya kuwa shi ne ƙaramin kamfani mai son fara sana'a, domin manya sun riga sun cika rumbunansu tun da wuri.

Masu karatu sun san bambancin abu biyu. Wanda ya biya hayar ɗaki ya mallaki amfaninsa, yana iya sa wani a ciki in ba a gindaya masa sharaɗi ba. Wanda sarkin kasuwa ya nuna wa wurin zama don ya kasa kayansa kuwa, izini aka ba shi na kansa, in ya tashi wurin ya koma ga kasuwa. A ganinmu lambar da mutum ya saya da kuɗinsa a fili tana kama da ta fari. Wadda aka ɗebo masa daga rumbun jama'a bisa bukatar da ya faɗa da bakinsa, ba ya biyan komai sai kuɗin rajista, ita ta fi kama da ta biyu. Amma laifin bai tsaya ga ɓangare guda ba. Hukumar da ta miƙa miliyoyin lambobi ba ta rubuta wannan bambanci ba, sa'an nan ta zo bayan shekaru tana so ta karɓe su a lokaci guda, alhali akwai ɗimbin masu amfani da su da ba su san hawa ba balle sauka, ita ma ba ta yi aikin lura ba.

Masu cewa a hana haya ɗungum, lalle suna da hujja: in an sake ta, lambobin Afirka za su bi kuɗi su tafi ƙetare. Sai dai hani ba ya kashe bukata, ɓoye ta ya ke yi. In haya ta koma ɓoye, littafin rajista zai nuna sunan wani, mai amfani kuwa wani ne dabam, ranar da aka yi zamba da lambar ba a san ƙofar da za a buga ba. Mai hayar ma ba ya cikin aminci, gama kayan aro ba ya rufe katara: mai lamba yana iya janye ta, ko kuwa ta zo masa da baƙin suna na wanda ya riƙe ta kafin shi, a riƙa ƙin karɓar saƙonsa.

Saboda haka abin da ya kamata sabuwar majalisa ta kai gaban taron jama'arta shi ne ƙa'ida rubutacciya: kowace haya a shigar da ita littafi da sunan mai haya da ajalinta, lambar da ta fito daga ragowar rumbu kada a ba da ita haya sam, waɗanda aka raba tun da kuma a sanya musu wa'adi su daidaita. Sabon tsari na IPv6, wanda lambobinsa ba su ƙidayuwa, shi zai kashe wannan kasuwa wata rana. A 2025 kusan rabin masu shiga Google a duniya ta kansa su ke shiga, amma yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma suna can baya ƙwarai.