SHARHI: Rumbunan Intanet Na Kyauta, Ribarsu Da Haɗarinsu

Daga Wakilinmu

Ran Talata, 18 ga watan Nuwamba na 2025, jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na rana agogon Nijeriya, jama'a a sassa dabam-dabam na duniya suka tarar shafuffukan intanet da suka saba shiga sun ƙi buɗuwa. Dandalin X ya tsaya, haka ChatGPT da Canva, da ɗimbin shafuffukan jaridu da na 'yan kasuwa. Wasu suka ɗora wa kamfanonin wayarsu laifi, wasu suka ce hari aka kawo. Amma gaskiyar magana ita ce, matsalar daga kamfani guda ɗaya ta taso, watau Cloudflare na birnin San Fransisko a Amurka.

Bisa bayanin da kamfanin ya fitar, wani ɗan gyara ne da ma'aikatansa suka yi a ma'ajin bayanai ya sa wani fayil ya ninka girmansa, har ya wuce iyakar da na'urorin za su iya ɗauka, suka cije. Sai wajen ƙarfe 3 da rabi na yamma yawancin shafuffukan suka farfaɗo, aka kuma kai kusan ƙarfe 6 kafin komai ya daidaita. Shugaban kamfanin, Mista Matthew Prince, ya fito ya nemi gafara, ya kuma amsa cewa rabonsu da tsaiko irin wannan tun 2019.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi kuskuren kamfani ɗaya ya rufe ƙofofi masu yawa haka a lokaci guda? Amsar tana cikin wata hidima da kamfanin yake bayarwa, har da ta kyauta, wadda masu shafuffuka ke rububinta don ƙara wa shafinsu sauri. Masana na taƙaita sunanta da CDN, mu kuwa za mu kira ta rumbunan kusa.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta a wani gari. Da yawa daga shafuffukan ƙasar nan, saboda arahar haya, a Turai ko Amurka suke zaune. Idan mutum a Kano ya taɓa wayarsa yana neman irin wannan shafi, saƙonsa zai gangara Ikko, tafiyar kimanin kilomita 1,000, sa'an nan ya bi wayar ƙarƙashin teku. Wayar MainOne kaɗai, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Ikko zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, saboda haka zuwa da dawowa, kilomita 16,000 ke nan, zai ci kashi 80 cikin 1,000 na daƙiƙa, tun ba a lissafa tsaye-tsayen da saƙon ke yi a tashoshi ba. Wani zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. To, amma shafi ɗaya kan ƙunshi hotuna da rubutu da sauran tarkace masu yawa, sai an yi ta kai da kawowa kafin ya kammala buɗuwa. Da haka jinkirin ke taruwa har mai nema ya gaji ya tafi.

Dabarar rumbunan kusa ba ta bambanta da ta babban ɗan kasuwa ba, wanda maimakon ya bar masu saye su riƙa zuwa masana'anta, sai ya buɗe sito a kowane babban gari. Kamfanin yakan ajiye kwafin hotuna da sauran kayan shafin da ba su cika canzawa ba a na'urorinsa da ke birane da yawa, duk wanda ya nema sai a miƙo masa daga rumbun da ya fi kusa da shi. Kamfanin Akamai ne ya yi fice da wannan sana'a tun 1998, amma manyan kamfanoni masu kuɗi yake yi wa aiki. Cloudflare, wanda aka kafa a 2009 ya kuma fara aiki a 2010, shi ya buɗe wa talaka ƙofa, ya ce kowa ya zo kyauta. Abin da ake bukata kurum shi ne mai shafi ya yi rajista, ya mayar da ragamar adireshin shafinsa ga na'urorin kamfanin. A 2014 ya ƙara da ba da makullin ɓoye saƙo kyauta, kuma a shekarar ne ya buɗe rumbunsa na farko a Afirka, a Johannasbag. A halin yanzu yana da rumbuna a birane fiye da 300, har da Ikko da Akara da Nairobi, kuma an ƙiyasta kusan ɗaya cikin kowane shafuffuka biyar na duniya ta hannunsa yake bi.

RIBAR DA KE CIKI

Ko shakka babu, akwai riba ga ƙaramar jarida, ko makaranta, ko mai sayar da atamfa ta intanet. Shafi yakan yi sauri, nauyi ya ragu a kan kwamfutar asali, kuɗin haya ya sauka. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk hidimar da ake biya da Dala ta yi tsada. Bugu da ƙari, rumbunan kan tsaya a matsayin garkuwa: idan 'yan ɓarna suka turo wa shafi dubban buƙatun ƙarya don su durƙusar da shi, su ne ke shanye farmakin.

Abin da ya faru ran 14 ga watan Maris na 2024 ya ƙara fito da muhimmancin ajiye kaya a kusa. A ranar wayoyin teku huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a yankin gaɓar Kodebuwa, harkokin bankuna da na sadarwa suka dagule a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Abin da ke ajiye a cikin gida bai bukaci ƙetare teku ba, wanda ke waje kuwa sai da aka nema masa wata hanya.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Sai dai ya kamata mai karatu ya san cewa kamfanin ba sadaka yake yi ba. Yawan masu cin kyautar yana ba shi damar gane sababbin dabarun 'yan ɓarna da wuri, yana ƙara masa ƙarfin ciniki da kamfanonin sadarwa, sa'an nan wasu daga cikinsu kan girma su koma biya. Wannan ciniki ne halattacce, amma yana da sharuɗɗa waɗanda ba kowa ke karantawa ba.

Na farko, mai cin kyauta ba shi da alkawarin diyya idan aiki ya tsaya, ba a kuma yarda ya mai da rumbun wurin raba manyan finafinai ba. Na biyu, ba kowane ciwo maganin ke warkarwa ba. Abin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, kamar sakamakon jarrabawa ko lissafin asusu, tilas a koma kwamfutar asali a ɗauko shi. Idan ita ce mai rauni, ko kuwa an cika shafin da manyan hotuna, to rumbu ba zai hana cunkoso ranar fitar da sakamako ba.

Na uku shi ne batun sirri. Don rumbun ya yi aikinsa, sai ya buɗe saƙon da aka kulle tsakanin mai nema da shafin. Watau kalmar sirri, da lambar waya, da duk abin da mutum ya rubuta, ta cikin na'urorin kamfanin suke wucewa. A watan Fabrairu na 2017 wani masanin tsaro na Google ya gano wani kuskure a na'urorin Cloudflare da ya sa guntayen bayanan wasu mutane ke tsiyaya zuwa shafuffukan wasu, aka toshe shi cikin gaggawa. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje. Duk wata ma'aikata ko asibiti da ke son shiga wannan tsari ya wajaba ta duba dokar tukuna.

Na huɗu, taruwa a inuwa ɗaya na da nasa haɗari. Ran 8 ga watan Yuni na 2021 tsaikon kamfanin Fastly, mai irin wannan sana'a, ya rufe shafin Gwamnatin Ingila da na BBC na kusan awa ɗaya. A Sifen kuwa, a 2025, hukumar gasar ƙwallon LaLiga ta sa aka riƙa toshe wasu adireshin Cloudflare don hana satar nuna wasanni, sai toshewar ta rutsa da shafuffukan da ba su ji ba ba su gani ba, domin adireshi ɗaya suke tarayya a kai.

INA MAFITA?

Ba muna cewa a guji rumbunan kyauta ba ne. Ga ƙaramin mai shafi ribar ta rinjayi haɗarin, muddin ya rage nauyin hotunansa, ya riƙe rajistar sunan shafinsa a inda zai iya juya akalarsa, ya kuma koyi yadda zai zare shafin daga rumbun ranar da abu ya ɓaci. Amma hukumomin da ke riƙe da bayanan jama'a, su ba su da uzurin dogara ga kyautar da babu wanda za su kama idan ta yanke.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan gwamnatoci. Rumbun da ke Ikko kusa ne ga mutumin Ibadan, amma ga na Sakkwato ko Maiduguri har yanzu tafiya ce mai nisa, balle Nijar da Chadi waɗanda ba su da gaɓar teku, sai ta wayoyin maƙwabta suke fita. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa a 2006, tana da reshe a Abuja da Kano. Amma kamfanoni ba za su kawo na'urorinsu Arewa ba sai sun ga wutar lantarki tsayayya, da wayoyin gilashi waɗanda ba a tsinka su kullum wajen aikin hanya, da kuɗin izinin binne waya mai sauƙi. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ke hannun Gwamnatin Tarayya da na jihohi, ba hannun wani kamfani a Amurka ba.

Tsaikon watan Nuwamba ya wuce cikin 'yan sa'o'i, wani ƙarami ya sake biyo baya ran 5 ga watan Disamba na 2025, kuma babu mai tabbacin cewa shi ne na ƙarshe. A ci moriyar kyauta matuƙar tana nan, amma a riƙa gina na gida, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.