SANDAN DOKA: A HANNUN WA YAKE?

Ƴan'uwa, ku da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ko ta Damagaram zuwa Kano, kun san shingen hanya, kun san mai tsaronsa. Yau za mu duba asalin ɗan sandan Nijeriya, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

A 1861 Ingilishi suka kama Ikko, suka ɗauki mutum 30 masu gadi. Daga nan Gwamna Glover ya ɗebi Hausawa ya ba su bindiga, don su baƙi ne a ƙasar Yarabawa, ba su da dangin da za su ji wa kunya. A 1930 aka haɗa rundunar Kudu da ta Arewa ta zama ɗaya. Aikinta tsaron mai mulki ne da dukiyarsa. Ran 18 ga Nuwamba 1949, a Inugu, ta harbe maƙaƙa kwal 21 masu neman hakkinsu.

A Arewa kuma akwai ƴan doka na En'e, masu karɓar umurni daga fada. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, su aka riƙa sakar wa mutanenta: a watsa taro, a kama mai lacca, a kai shi gaban alkali. Aka sami mulkin kai a 1960, tuta ta sake, ƴan doka suna nan yadda suke. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka rushe su, suka zuba su cikin rundunar tarayya. Tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya tak ƙasar za ta yi.

To, talaka ya huta? Sashen SARS da aka kafa a 1992 don ƴan fashi ya koma abin tsoron matasa, sai da suka cika tituna aka rushe shi ran 11 ga Oktoba 2020. Dokar ƴan sanda ta Turawa ta 1943 ma sai a shekarar aka musanya ta, bayan shekara 60 da mulkin kai! Da ƴan bindiga suka addabi ƙauyuka, Katsina ta kafa nata dakaru a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024.

Masu son ɗan sandan gida suna da hujja: wanda aka turo daga nesa bai san daji ba, bai san harshe ba. Amma ɗan doka ɗan gida ne, kuma shi ya bugi talaka. Na nesa da na gida duk sun yi ɓarna, don babu wanda jama'a ke da ikon tuhumarsa.

Mu ma mun san gardin kumandan da aikin dole kafin 1946. Mun san jinin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe. A karanta wannan takarda ran kasuwa. In an kama mutum, a rubuta sunansa da ranar da wurin da aka kai shi, dattawa biyu su bi sawu. Kada a ba da kuɗi a shinge sai da takardar shaida. Kuma kada reshe ya ɗaura wa samarinsa ɗamara ya ce tsaro suke yi, domin jam'iyyar da ta yi haka ta haifi nata ƴan doka, kuma wata rana ƴaƴanta za su fara kamawa.