Kafin a ɗauki bulala, a duba yadda yaron yake barci

A yawancin gidajenmu, yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aikin da aka sa shi, kuma yana katse manya in suna magana, sunansa ɗaya ne: mai ƙiriniya. Maganinsa kuma bulala. Alhali wasu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin nutsuwa da yawan kazar-kazar fiye da na sa'anninsu. An ƙiyasta tana shafar kimanin yara 5 cikin kowane 100 a duniya. A ganina, tambayar da ya kamata iyaye da malamai su fara yi game da irin wannan yaro ita ce: ƙarfe nawa yake barci, kuma yaya barcin nasa yake?

Babba idan bai samu barci ba, za ka gan shi yana hamma da gyangyaɗi. Yaro kuwa sau da yawa ƙara rawar kai yake yi, ga saurin fushi, ga mantuwa. Shi ya sa ƙarancin barci ke iya kama da ADHD ga yaron da ba shi da ita, ya kuma tsananta ta ga wanda yake da ita.

A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga Melbourne ta ƙasar Ostareliya, an tambayi iyalai 239 masu yara da ke da lalurar. Kusan kashi 73 cikin 100 sun ce yaransu na da matsalar barci. Waɗannan yara sun fi sauran makara ko fashin makaranta, iyayensu ma sun fi makara wajen aiki. Ke nan wahalar dare tana bin gidan gaba ɗaya har cikin yini.

Dalilan suna da yawa. A jikin wasu yaran, sinadarin melatonin da ke sa jin barci yana jinkirin fitowa, sai a kwantar da yaro ya yi ta juyi idonsa biyu. Magungunan lalurar irin su Ritalin kan jinkirta barci, musamman idan aka sha su da yamma. Akwai kuma yaron da ke minshari da ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci saboda kumburin tsokar maƙogwaro ko ta bayan hanci. Wani kuwa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ne ke sa ƙafafunsa su ƙi zama lafiya da dare.

Sai mu dubi tsarin yininmu. Masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Wanda za a tasa da ƙarfe 5:30 na asuba, dole ya yi barci zuwa 8:30 kafin ya samu mafi ƙarancin abin da yake buƙata. A gida nawa ake yin haka? Lokacin ne aka dawo daga makarantar dare, ko aka kawo wuta aka kunna talabijin, ko aka miƙa masa waya don ya bar mutane su huta. Ga zafi, ga sauro, ga ƙarar janareta. Da safe boko, da yamma Islamiyya, sannan a ce ya nutsu.

Wasu za su ce duk wannan shagwaɓa ce, tarbiyya kawai yaron ya rasa. Ai tsayar da lokacin kwanciya ma tarbiyya ce, kuma an gwada an ga amfaninta. A 2015 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa gwajin da aka yi da yara 244 masu ADHD. An zauna da iyayen wani rukuni sau biyu kacal, aka bi su da kiran waya ɗaya, ana koya musu yadda za su tsara barcin yaran. Bayan wata 6, barcin yaran da halayyarsu sun inganta, har malamansu sun shaida. Gyaran barci ba ya warkar da lalurar, amma yana rage nauyinta ba tare da an kashe ko sisi a kemis ba.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne sayen Piriton ko maganin tari don a sa yaro barci. Ba don haka aka yi su ba, wasu yaran ma ƙara birkicewa suke yi idan sun sha.

A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har ranar da babu makaranta. A karɓe waya awa ɗaya kafin kwanciya, a daina ba shi shayi da lemon kwalba mai kafeyin da yamma, a ɗaura gidan sauro. A rubuta lokacin barcinsa da tashinsa na mako biyu. Idan babu sauyi, ko yana minshari, a kai shi wurin likitan yara tare da takardar. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri na daga cikin wuraren da za a iya neman ƙwararru. Malamin da ya ga ɗalibi kullum a birkice da safe, shi ma ya tambayi iyayen batun barci kafin ya ce ya miƙo hannu.