Mu ƙaru da sani: masu neman wata duniya irin tamu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san Kaza da ƴaƴanta, taurarin da tsofaffi ke duba don sanin lokacin damina. To, kowane tauraronsu rana ne, nisa ne ya maishe shi ƙarami. Zara dabam take, ita duniya ce mai kewaya ranarmu kamar ƙasar da muke bisa.

Ashe waɗannan ranaku ma suna da duniyoyinsu. A 1995, masana biyu ƴan Suwis, Michel Mayor da Didier Queloz, sunka gano wata tana kewaya tauraro irin ranarmu. Ba su gan ta ba, girgizar tauraron sunka auna. Yau an san fiye da 5.000, amma kaɗan ne anka ɗauki hotonsu. Hoton fari an same shi a 2004 a ƙasar Shili, kuma duk manya ne, galibinsu masu zafi, ba wurin shuka gero.

Wuyar aikin haske ne. Rana ta fi duniyarmu haske sau miliyar 10. Ka aza ƙwayar gero kusa da fitilar mota da dare, ka koma nesa. Me za ka gani? Fitila kaɗai.

Makiyayi ya san maganin abin. In yana neman saniyarsa wajen faɗuwar rana, hannu yake sawa ya kare idonsa. Haka wani Bafaranshe, Bernard Lyot, ya yi wajen 1930: ya sa ɗan faifai cikin madubin hangen nesa, ya rufe fuskar rana. Madubin James Webb, mai faɗin metir 6 da rabi, wanda anka harba a 2021, yana da irin wannan faifai, amma bai kai ga hango ƙarama irin tamu ba. Wasu masana na so a harba wata babbar malfa, ta tsaya dubban kilometir gaban madubi ta yi masa inuwa. A ganina dabarar na da kyau, sai dai har yanzu ba a harba ko ɗaya ba.

Amurka na shirin wani madubi na musamman wajen shekarun 2040. Ko shi ɗigo guda zai gani, ba gona ba garke. Amma in an tace hasken ɗigon launi-launi kamar bakan gizo, ana iya gane ko akwai tururin ruwa da iskar da muke shaƙa a can.