Yaron Da Ba Ya Gani: Ku Zame Masa Ido Da Harshenku

A wannan mako za mu duba haƙƙin yaron da aka haifa ba ya gani, wajen koyon magana da zama da jama'a.

Ku sani ba dukkan zance ke fita daga baki ba. Yaro mai gani da ido yake gane cewa da shi ake, da ido yake sanin lokacin da za a yi shiru, daga fuska kuma yake rarrabe wasa da faɗa. Makahon yaro yana tara kalmomi kamar kowa, amma waɗannan alamomi sun ɓoyu gare shi.

Wata masaniya a Amurka, Selma Fraiberg, ta bi rayuwar jarirai 10 makafi, ta wallafa sakamakon a 1977. Ta tarar suna murmushi idan suka ji muryar iyayensu, amma sukan jinkirta wajen rarrabe “ni” da “kai”. Haka kuma an san irin waɗannan yara da maimaita maganar da suka ji. Wannan ba taɓin hankali ba ne, kuma ba rashin tarbiyya ba ne idan yaron ya katse manya. Bai ga abin da wasu suka gani ba.

To, mene ne wajibinmu? Ku ambaci sunansa kafin ku yi masa magana. In kun shigo ku yi sallama ku faɗi ko ku wane ne, in za ku tashi ku sanar da shi, kada ya yi ta zance da bango. Ku damƙa masa ludayi da buta a hannu kuna faɗin sunayensu, domin kalma ta haɗu da abinta. Ɗan kasuwa kuma ya yi ciniki da yaron kansa, ba da ɗan jagoransa ba.

Mu tuna farkon Suratu Abasa, wadda ta sauka game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Shi bai ga ɗaure fuskar da aka yi ba, amma duk da haka Allah Ya saukar da ayoyi a kanta. Ashe ladabin zance haƙƙi ne na makaho, ko da ba zai san an tauye masa shi ba. Daga baya wannan Sahabi ya zama ladanin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin. Sai mako mai zuwa.